Mai Babur A Bakin Iyaka: Zumunci Ba Ya Zama Takarda

Yau dai ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita ko na samu sukunin komawa kan littafin da muke ciki. Maganar kuwa ta samarinmu ce masu ɗaure jaka a bayan babur su nufi ƙasar Nijar, da irin hanyar da suke bi su tsallaka.

Wanda bai san yankinmu ba sai ya ɗauka wata gagarumar tafiya ce. Daga nan Roni, in ka fita Kazaure ka hau titin Daura, ka wuce Mai'aduwa, ga ka a Kwangwalam. Kaɗan ka ƙara gaba ka shiga Ɗan Barto, ka bar Nijeriya ke nan. Daga can sai Matamai, sai Kance, sai Takeita, ka karya gabas zuwa Damagaram. In kuma ta Ɓaɓura ka bi, Babban Mutum ce ƙofarka, ka faɗa Magarya. Mai sammako zai yi la'asar a Damagaram bai wahalar da injinsa ba. Wasu a nan tafiyarsu take ƙarewa, biki ko ta'aziyya ko cinikin dabba ya kai su. Wasu kuwa zango kawai suka yada, idonsu yana kan Tanut da Agadas, ci-rani za su.

A shekarar 2022 wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ranar 19 ga Afrilu, ya keto Faransa da Sifen, ya tsallako Maroko, ya ratso sahara, bai sauka Legas ba sai 29 ga Mayu. Tafiyar sama da kilomita 12,000, domin wayar da kai kan cutar shan inna. Da ya iso iyakar Seme tarbarsa aka yi kamar ango. Na ji samari a majalisa suna ta yaba ƙarfin zuciyarsa da girman mashin ɗinsa, kuma ya cancanci yabo. To amma fa ban ji wanda ya yi zancen jakar takardunsa ba, alhali ita ce ta yi rabin tafiyar. Mutum ba ya ratsa ƙasashe fiye da goma da fatar baki.

Mu kuwa fa? Yaro zai sayo Boxer ko Jincheng a Kano, ledar da aka naɗo shi da ita ma ba zai yarda a ɓare ba, amma shekara uku babu lamba, babu inshora, rasidin saye yana ƙarƙashin katifar babarsa, lasisin tuƙi kuwa sai dai labari. Ranar tafiya in ka tambaye shi takarda sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, Nijar ce fa, ai mu ɗaya ne." Shi ke nan, kafin ya kai bakin ƙofa sai ya saki kwalta ya faɗa ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, ya ɓulla can baya.

Ni ma na yarda mu ɗaya ne, wa zai musa? Ingila da Faransa ne suka zauna suka yi ta jan layi a taswira, a 1898 da 1904 da 1906, sannan suka turo ma'aikatansu suka bi suna kafa duwatsun shaida tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Layin ya raba wa da ƙani, ya raba mutum da gonarsa. Kowa ya je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis ya san ba a gane ɗan nan da ɗan can sai an zo lissafin kuɗi, wannan yana cewa naira wancan yana cewa jika da dala. Duk gaskiya ne. Sai dai jandarman da zai tare ka a bayan Matamai ba tarihi aka turo shi ya karanta ba. Da Hausa zai gaishe ka, ya tambayi mutan gida, wataƙila ma kakarsa 'yar Daura ce, sannan ya miƙo hannu ya ce katin ɗan ƙasa da takardun mashin. A nan zumunci yake tsayawa.

Kuma mu dubi abin da ya faru a 'yan shekarun nan, don wanda yake tafiya da tunanin zamanin da ya san ruwa ya canza. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, inda aka saki Maigatari da Illela, ita kuwa Jibiya sai Afrilun 2022. Ba mu gama shan iska ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazum ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame ƙofa, har sai watan Maris na 2024. Sannan ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga ƙasar ɗan uwansa ya yi kwana 90 babu biza, da ita muke tinƙaho. A ranar ficewar, ECOWAS ta ce a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga har sai an ji sanarwa ta gaba. Mai karatu, abin da aka ce "har sai an ji sanarwa ta gaba" ai alfarma ce, kuma mai cin alfarma shi ya fi kowa buƙatar ya tafi da shirinsa.

Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne babur ɗin kansa. Da can abin hawan talaka ne kawai. Yau kuwa da shi 'yan bindiga suke shiga ƙauye, da shi suke fita. Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A Nijar an hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tilabéri a 2020. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka da goyon mutum uku a mashin. To ka ƙiyasta mini saurayi a kan babur marar lamba, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, ga jarkar mai ɗaure a baya don kada ya tsaya a daji, ya ɓullo ta hanyar gona da almuru. Ni na san ɗan wane ne, na san ƙanwar babarsa zai je dubawa. Sojan da yake sintiri fa, me ya sani? Wanda ya ci sa'a shi ne wanda aka karɓe wa mashin aka bar shi da ransa. Akwai ɗan maƙwabcinmu da haka ta faru da shi a wani shinge da ba sai na faɗi sunansa ba, wata biyu ana jele, da aka zo fansar babur ɗin babu wata shaida da za ta nuna nasa ne, domin rasidin ma sunan dillali ne a jiki.

Kada kuma a ce na ɗora wa yara laifi ni kaɗai na wanke hukuma. Ba banza suke gudun ƙofa ba. Kowa ya bi hanyoyin nan ya san yawan shingayen da ke tsakanin gari da gari, ya kuma san mai cikakkiyar takarda ma sai an nemi na goro a wajensa. Yaro ya yi lissafi ya ga da takarda zai biya, babu takarda zai biya, sai ya ce to wahalar me zan sha? Matuƙar ƙofa ta fi daji tsada, daji za a bi, ko an yi wa'azi ko ba a yi ba. Ga shi kuma yin takardun kansa aiki ne: mutumin Roni ko Gwiwa sai ya kashe wuni da kuɗin mota zuwa birni, a ce masa ya dawo jibi. Me zai hana ƙananan hukumominmu, da haɗin kan masarautu da ƙungiyoyin masu babura, su riƙa kawo ma'aikatan lamba da lasisi ranar kasuwa? An kawo rajistar zaɓe har ƙofar gida, an kawo allurar rigakafi har cikin ɗaki, wannan ce za ta gagara? A kuma kafa allo a bakin kowace ƙofa, da Hausar boko da ajami, a rubuta takardun da ake nema da kuɗin kowacce, a ba da rasit.

Mu marubuta ma da namu kason. Littattafanmu suna tsallaka iyakar nan a kwali, ana karanta mu a Damagaram da Maraɗi kamar yadda ake karanta mu a Fagge, amma in jaruminmu zai bar ƙasa sai dai ka gan shi a filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Dubai, direba yana ja masa akwati. Wanda yake tsaye a rana a gaban teburin duwan yana lalube aljihu, gabansa yana faɗuwa, ba mu ga labari a jikinsa ba.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da nake gaya wa ƙannena in sun zo sallama. Ka sa wa mashin lamba, rasidi ya zama da sunanka, lambar inji ta dace da ta takarda. Ka riƙi fasfo da katin rigakafin shawara, ka sa su a leda saboda gumi da ruwan sama. Ka canji 'yan saifa tun daga Mai'aduwa don kada a yi maka canjin dole a hanya. Ka shiga ta ƙofa da rana tsaka, ka karɓi takardar izinin shigar da babur a wajen duwan, ka duba kwana nawa aka rubuta maka. In ka iso shinge ka kashe inji, ka sauke rawani daga fuskarka kafin a ce ka sauke. Jarkar mai kuwa ka bar ta a gida, akwai masu sayarwa a kwalba a bakin hanya har Damagaram.