A Daina Ɗora Wa Netwok Laifin Da Ba Nasa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, wato "matsalar netwok ce". Mai POS ya faɗa, yaron shago ya faɗa, mu ma da muke haɗa wa jama'a manhajar intanet ita ce mafakarmu duk lokacin da aikinmu ya cije. Ni dai ra'ayina shi ne, sau da yawa ƙarya muke yi wa netwok, kuma talaka ne yake biyan kuɗin wannan ƙarya.

Dalilin da ya sa na ce haka, abin a kaina ya faru. Sana'ata ke nan haɗa manhaja, kuma wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a ƙauyenmu ta sa na yi mata shafin intanet na rubuta adashe da rance, domin littafin da suke amfani da shi ya sha jiƙewa da damina. Sakatare yakan buɗe shafin a wayarsa ranar kasuwa, ya rubuta sunan mutum da kuɗin da ya karɓa, ya danna maɓalli, sai bayanin ya tafi babbar kwamfutar da ke ajiye lissafi, wadda ake kira uwar garke. Wata rana wani dattijo mai sayar da gero ya karɓi rancen naira dubu 20, da aka zo biya sai shafin ya nuna dubu 40 ake binsa. Dattijo ya rantse, sakatare ya rantse, har aka fara kallon tsohon nan da wani ido. Da aka kira ni, ban ko duba ba na ce netwok ne. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, shi netwok ɗin ne ya ci dubu ashirin ɗin, ko kuwa ni?" Wallahi na rasa amsa.

Na koma gida na zauna a gaban kwamfuta. Mu masu wannan aiki muna da wani kayan aiki da ake ce wa dibaga, wato mai farautar ƙwaro, saboda Turawa ƙwaro suke kiran kuskuren da ya ɓuya a cikin manhaja. (An ma taɓa samun na gaske: a 1947 ma'aikatan wata kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ciro wani ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aikinsu.) Amfanin dibaga shi ne ka sa alama a wani layi na rubutun manhajar, idan aiki ya iso nan sai ya tsaya cak, ka leƙa ka ga abin da yake ɗauke da shi, kamar yadda ake tsayar da mota a shingen hanya a duba kaya.

To na sa alama, na danna maɓalli, aiki ya wuce bai tsaya ba. Na sake, bai tsaya ba. Nan ma zuciyata ta fara raya mini cewa dibagar ce ta lalace, kun ji halin ɗan Adam. Ashe burauzar da nake buɗe shafin da ita ce ta ajiye tsohon kwafin manhajar a rumbunta don kada ta riƙa ɗaukowa kullum, shi take ta aiki da shi, ni kuwa ina can ina sa alama a sabon rubutu. Sai da na danna F12 a Chrome, na shiga sashen da ke nuna zirga-zirgar saƙonni, na hana ta amfani da ajiyar, sannan alamar ta kama.

Daga nan na ce bari in gwada da waya irin ta sakatare. Na rubuta adireshin da nake amfani da shi a kwamfuta, 127.0.0.1, waya ta ce ba ta san zancen ba. Da wani ne sai ya ce ga netwok nan ya sake. Alhali wannan lamba ma'anarta "ni kaina", duk na'urar da ka rubuta wa ita kanta za ta nema, kamar ka ba ɗan aike wasiƙa ka rubuta "gidanmu" a bayan ambulan, ai gidansu zai kai. Na sa ainihin lambar kwamfutar a kan wayifai na ɗakin, mai farawa da 192.168, na kuma buɗe ƙofar da katangar tsaron kwamfutar ta toshe, sai ga shafi ya fito. Matsala biyu ke nan, babu ɗaya da ta shafi kamfanin waya.

Amma fa duk da haka rance bai ninku ba. Na gwada ya fi sau talatin, lafiya ƙalau. Sai can na tuna cewa ni a birni nake zaune da intanet mai gudu, sakatare kuwa a rumfa yake ranar kasuwa, lokacin da ɗaruruwan wayoyi suke rububin ƙarfen sabis guda ɗaya. A wannan sashe na Chrome akwai wurin da mutum zai rage gudun intanet da gangan ya koma irin na 3G. Na rage, na danna maɓalli, abin ya tsaya yana ta juyawa babu amsa. Ban san lokacin da yatsana ya sake dannawa ba. Jama'a, sai ga saƙo biyu sun jeru, kowanne ya dawo da lamba 200, wadda ke nufin an karɓa an rubuta. Abin da ya faru da sakatare ke nan. Netwok ya yi nawa, gaskiya ne, amma ya isar da saƙon duka biyu da amana. Ni ne na bar maɓallin a buɗe bayan dannawar farko, ni ne kuma ban koya wa uwar garke ta gane cewa saƙo na biyu maimaicin na farko ba ne.

Gyaran bai ɗauki yini guda ba. Yanzu da an danna sai maɓallin ya kulle ya rubuta "jira", kuma kowane rance yana tafiya da lambar rasit tasa ta daban, idan lamba ɗaya ta zo sau biyu sai a yi watsi da ta biyun. Na je gaban 'yan ƙungiya na ce, "Baba, ka yafe mini, laifina ne." Ya ce ya yafe, amma mako biyu da ya yi ana nuna shi da baki a kasuwa, wa zai biya shi?

Kada wani ya ce na wanke kamfanonin waya tas. A'a. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya a Nijeriya da Ghana. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis ɗungurungum saboda matsalar tsaro. Haka a farkon 2023, zamanin canjin kuɗi, kowa ya ga yadda tura kuɗi ya riƙa maƙalewa. Irin wannan babu yadda mai manhaja zai yi. Sai dai bambancewa ba wuya ba ce ga wanda ya so. Kowane saƙo da ya isa uwar garke yana dawowa da lamba: 404 na nufin abin da aka nema babu shi a wurin, 500 na nufin manhajar ce ta yi tuntuɓe a can ciki. Duk wanda ya ga 500 ya ce maka netwok ne, to ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya raina maka hankali, domin saƙon ya je har ya dawo. Sai idan babu amsa sam ne za a fara zargin hanya.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana matasa masu wannan sana'a, waɗanda suke ƙaruwa a Kano da Kaduna da Zariya, mu ji tsoron Allah. Kada ka zauna a ofis mai sanyi ka gwada aiki da wayifai, sannan ka miƙa wa mutumin da sai ya hau tudu yake samun sanda biyu. Ka ɗauki ƙaramar waya mai arha ka je kasuwar da kanka ranar da take ci, ka tsaya a rumfa ka gwada.

Ku kuma iyayena 'yan kasuwa, idan abu ya tsaya yana juyawa a daure kada a sake dannawa, a jira a duba ko ya shiga. A riƙe ranar da lokacin da abin ya faru, in da hali a sa yaro ya ɗauki hoton fuskar wayar, domin da wannan ne mai gyara zai bi sawu a cikin kundin uwar garke. Kuma kada a yar da littafi da biro tukuna. A ƙungiyarmu wata 'yar takarda da sakatare ya rubuta dubu 20 a kanta, ya cusa a aljihu ya manta, ita ce ta fara gaskata dattijon nan tun kafin in gano komai. Idan kuwa wanda ya haɗa muku manhaja ya ce netwok ne, ku ce ya nuna muku lambar da saƙon ya dawo da ita.

 

Naka,
Wani mai haɗa manhaja,
Kano.