Ɓera Ya Shigo Gida: Me Za Mu Yi?

Bara, da damana ta gabato, kakata ta buɗe buhun gujiyar da ta ajiye don iri. Ta tura hannu ciki, sai ta ji ɓawo kawai. Ta zazzage buhun a kan tabarma. Rabinsa ɓawo ne da kashin ɓera. Ran kasuwa ta ba ƙanena dala ashirin, ya sayo mata wani baƙin gari cikin ƴar leda, babu suna babu rubutu. Aka kwaɓa shi da ƙuli-ƙuli, aka ajiye bayan randa. Da safe an sami ɓera biyu matattu. Kashegari kaza ta mutu. Bayan kwana uku kyanwar gidan ma ta mutu, don ta ci ɓeran da ya ci guba. Kafin wata ya ƙare, ɓeraye sun fi da yawa, ga shi babu kyanwa.

Yara, tun daga ran nan nake cewa kada a shigo da guba cikin gidan da ke da yara da kaji. A ganina muna da dabarun da suka fi ta, kuma yawancinsu ba sa cin ko dala. Amma dabarun nan ba daidai suke ba. Wasu suna aiki sosai, wasu kuwa sunansu ya fi aikinsu.

Bari mu fara sanin abokin gabar tamu. Ɓera, wanda wasunmu ke ce ma kusu, haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu. Shi ya sa yake gurgurar ƙwarya, da tabarma, da sabuni, da littattafanku. Ƙaramin ɓera yana iya shigewa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Wanda ya fi yawa a gidajenmu da gonakinmu shi ne ɓera mai nonuwa da yawa. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 23 ko kusa da haka, ta haifi ƴaƴa 10 ko 12 a ciki ɗaya. Cikin ƴan watanni su ma sun fara haihuwa. Ku ɗauki alli ku yi lissafi. Za ku ga cewa wanda ya kashe ɓera biyu da guba, ya bar musu abinci da rami, bai yi komai ba.

Ɓarnarsa ba ta tsaya ga hatsi ba. Yana fitsari da kashi a kan abin da bai ci ba. A shekarar 1969 aka gano wani zazzaɓi mai tsanani a garin Lassa, cikin ƙasar Barno a Najeriya, aka sa masa sunan garin. Wannan ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da cutar, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take kai ga mutum. Saboda haka tuwon da ya kwana a buɗe, ɓera ya taka shi, ba abin ɗumame ba ne.

To, ina maganin? In kun tambayi manya, da yawa za su ce muku wari. Wani zai ce a zuba tonka a bakin rami. Wata za ta ce ganyen na'ana'a. Wani kuma ya ce ganyen dogon yaro, ko toka. Ban raina su ba. Hancin ɓera yana da ƙarfi, kuma yana jin tsoron duk sabon abu. Ran da kuka zuba garin tonka, yana iya ƙaurace ma wurin. Amma wari yana gushewa cikin ƴan kwanaki, ɓera kuma yana sabawa. In yana jin yunwa, ga tiyar hatsi a buɗe bayan na'ana'ar, zai tsallake ganyen ya ci abinsa. Ganyen dogon yaro da toka kuwa, amfaninsu na gaske wajen ƙwarin wake da na hatsi yake. Ku ci gaba da zuba su cikin rumbu, amma kada ku ce kun gama da ɓera.

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganar nan ita ce kan batun. Abinci ne ke kiran ɓera. Ku duba ɗakin girki bayan sallar lisha. Ga kwanukan tuwo ba a wanke ba. Ga tsaba a gindin turmi. Ga dussa cikin ƙwarya babu faifai. Mu muka shirya masa liyafa, sa'an nan mu tashi da safe muna zaginsa. Aikin farko shi ne a wanke kwanuka tun da dare, a share gindin turmi, a rufe randa da murfi mai nauyi. Gujiya da wake da gari su shiga tukunyar ƙasa mai murfi, ko tano na ƙarfe. Buhu ba ya hana ɓera, ko irin buhun nan mai leda biyu a ciki da manoma ke adana wake. Shi yana kashe ƙwari ne ta hana su iska, kuma ɓera ya huda shi sau ɗaya, aikinsa ya ɓaci. A ɗora buhuna bisa katako, a janye su daga jikin bango, yadda kyanwa za ta iya zagayawa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ku je bayan gari ku dubi rumbu. Me ya sa ba a kafa shi a ƙasa? An ɗora shi bisa duwatsu ko ƙafafun itace don kada danshi da gara su kama shi, ɓera kuma ya sha wuya kafin ya hau. Wasu manoma suna ƙara wata dabara: su yanke tsohon gwangwani, su naɗa shi a kowace ƙafa kamar malfa, bakinsa na kallon ƙasa. Ɓera ya hau, ya ci karo da ƙarfe mai santsi, ya faɗo. Amma in an jingina kara ko tsani a jikin rumbun, ko ciyawa ta tsiro ta taɓa shi, an gina masa gada ke nan.

Sai rami. Bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ma haka. Tsumma da leda ba sa toshe rami, sai ma ya ja su ya yi sheƙa. Laka ita kaɗai, yakan tone ta. A haɗa lakar da tsakuwa, a danna ta sosai, in da hali a shafe da siminti. Ƙasan ƙofa in ya cinye, a buga masa guntun kwano. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, kuma babu wanda zai yaba muku. Amma na fi yarda da shi bisa duk wani ganye.

Muna kuma da mataimaka da ba ma biyan su. Kyanwa, wadda ake ce ma mussa ko mage, kowa ya san ta. A ba ta ruwa da ɗan abinci don ta zauna gida, kada a jefe ta. Amma akwai wata da muke zalunta, ita ce mujiya. Mutane suna cewa kukanta mugun abu ne, yara kuma su bi ta da dutse. Ku nemi inda take kwana, cikin kogon kuka ko tsohon gini. A ƙasa za ku ga wasu dunƙule-dunƙule da take amayarwa. Ku fasa ɗaya da tsinke. Gashi ne da ƙananan ƙasusuwa, yawancinsu na ɓera. Tsuntsuwar da ke gadin hatsinmu da dare muna barci, ita muke kora. Jaba ma, duk da warinta, ƙwari take ci, ba ta damu da hatsi ba.

Wani zai ce: "Malam, ɓerayen sun riga sun cika ɗaki, shara ba za ta fitar da su ba." Gaskiya ne. A nan sai tarko. Na ƙarfe da ake sayarwa a kasuwa yana aiki, in an ɗana shi a gindin bango, don ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa tsakar ɗaki. A sa masa ɗan ƙuli-ƙuli. Akwai kuma na gargajiya: a bizne tukunya mai faɗin ciki har bakinta ya yi daidai da ƙasa, a zuba ruwa rabi, a barbaɗa dussa a kai. Ɓera ya zaci ƙasa ce, ya faɗa, ya kasa fita. Sai dai a kafa ta inda jariri mai rarrafe ba ya zuwa. Tarko ya fi guba ta hanya biyu. Abin da ya kama kuna ganinsa, ba ya zuwa ya ruɓe cikin azara. Kuma kyanwa da mujiya ba sa mutuwa saboda shi.

In kun kama ɓera, kada ku ɗauke shi da hannu, kada ku ja shi da wutsiya kuna wasa a hanya. A ɗauke shi da shebur ko da leda a hannu, a bizne shi da zurfi, a wanke hannu da sabuni. Kashinsa kuma a yayyafa masa ruwa kafin a share, don kada ƙurar ta shiga hanci.

Bana kakata ta zuba irin gujiyarta cikin tukunyar ƙasa, ta rufe, ta liƙe bakin da laka. Maƙwabciya ta ba ta ɗiyar kyanwa. Ƙanena shi ke zagaya ɗakin kowace Juma'a da fensir a hannu, yana gwada ramukan gindin bango. Duk wanda fensir ya shiga, sai ya kwaɓa laka da tsakuwa.