Takardar inshora ba ta jandarma ba ce

Ranar kasuwa, motoci da babura ba su hutawa tsakanin Dantchiao, Magariya da Dungas, har zuwa Maigatari a Najeriya. Mutane bisa kaya, kaya bisa mutane. In tsautsayi ya afka, bayan jinya da jana'iza sai tambaya ɗaya ta rage: wa zai biya?

Doka ba ta bar wannan tambaya a duhu ba. A shekarar 1992, a birnin Yawunde, Nijar ta sa hannu tare da wasu ƙasashen Afirka kan yarjejeniyar CIMA, kuma kundinta ya fara aiki a 1995. Kundin ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, mota ko babur, ya yanki inshorar ɓarnar da zai iya jawo wa wani. Alhaki yana wuyan mai mota da direbansa, amma kamfanin inshora shi ke biya a madadinsu. Mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe, da fasinjan da ya karye, da iyalin wanda ya rasu, duk suna da hakkin diyya.

Sai dai wannan laima tana da iyaka. Inshorar dole ba ta biyan raunin direban da ke riƙe da sitiyari, ba ta gyara motar mai laifi, ba ta kuma biyan buhunan gero ko riɗin da aka ɗauko. Mai son waɗannan sai ya yanki wata dabam. Haka nan, tun gyaran 2011, wanda bai zuba kuɗin inshora ba, ba shi da kariya.

Masu lodi fiye da ƙima da masu ba yaro mota ba lasisi su saurara da kyau. A irin wannan hali kamfani yana biyan waɗanda suka ji ciwo, sannan ya juyo kan mai mota ya nemi kuɗinsa. Wanda ba shi da takarda kuwa, daga aljihunsa zai biya, ko da za ta kai ga sayar da gona da shanu.

Babbar asara ita ce wadda ake yi cikin shiru. Sau da yawa akan taru a zaure, a ce ƙaddara ce, a yafe, a watse. Yafiya halin kirki ce, amma ba ta biyan kuɗin magani, ba ta ciyar da marayu. Karɓar diyya daga kamfani ba cin zarafin direba ba ne, domin saboda wannan rana aka biya kuɗin tun farko.

Saboda haka, in hatsari ya faru, a kira jandarmomi su rubuta rahoto, a karɓi takardar likita, a adana rasit na magani. Mai mota ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 5 na aiki. Mai ƙetare iyaka ya tambaya tun a gida ko takardarsa tana aiki a can.

Nauyi ya rataya a kan kowa. Kamfanoni su daina jan ƙafa wajen biya, domin jinkiri shi ke kashe amincewar talaka. Hakimai, masu gari da magadan gari su bayyana wa jama'a hakkinsu. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma su karanta wa maƙwabta abin da takardar ta ƙunsa, kafin ranar da za a buƙace ta.