Lissafin komawa jami'a tun hazo bai washe ba

Da zarar hazo ya lulluɓe hanyar Katsina zuwa Jibiya, sai mu fara ganin 'ya'yanmu na jami'a suna sauka daga mota, wannan daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wancan daga Dutsin-Ma, wata daga Zariya. Gida ya cika, uwa ta ƙara awo. Mu kuwa iyaye maza sai mu yi ta ɗage zancen kuɗin rajista, kamar ɗagewar za ta rage shi, har sai ana saura kwana uku komawa.

A ganinmu nan ne kuskuren yake. Tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 jadawalin jami'o'i ya hargitse, kowace da ranar komawarta, sanarwa kuma takan zo bagatatan. Malamin firamare da sanarwa ta riska bai shirya ba, mafitarsa ɗaya ce a Bugaje: ya buɗe rumbu. Ga shi hutun yana faɗowa ne daidai kaka, lokacin da gero da wake suka fi araha. Sai mu kai buhu kasuwa mu sayar a wulaƙance, damina ta faɗi mu koma mu sayi irinsa da tsada don ciyar da iyali. Wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ta nesa, ko rumbun ma ba shi da shi. Idan kuwa kuɗin bai isa mutum biyu ba, kowa ya san wadda ake cewa ta haƙura sai baɗi.

Akwai ƙofa da da yawa cikinmu ba su ƙwanƙwasa ba. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu ruwa a kansa, wanda shi ne abin da ya fi tsaya wa iyaye a rai, ba a fara biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi dai bashi ne, ba mu ce a ruga ido rufe ba. Amma a zauna da yaron a tattauna, tunda shi zai biya.

Abin da ya fi tuntuɓe da masu nema shi ne suna. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai bayanansu sun dace da juna. Yaro Muhammadu ne a takarda ɗaya, Muhammad a wata, a ta uku an sa sunan kaka a gurbin na uba. A nan sai mu sunkuyar da kai, domin sau da yawa alƙalaminmu ne ya fara rubuta sunan a rajistar aji ɗaya, yadda kunne ya ji shi. Gyaran yana cin makonni da zirga-zirga zuwa Katsina, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin man fetur a 2023. Aikin makon farko na hutu ke nan, tun yaro bai saki jiki da hirar dandali ba.

Rancen gwamnati ba zai sayi katifa ba, ba zai cika buhun garin da ɗalibi zai tafi da shi ba. Saboda haka muke kira ga shugabannin reshenmu su buɗe asusun komawa makaranta: kowane mamba mai ɗa a babbar makaranta ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, a ɗauka a ƙarshen shekara. Matanmu sun daɗe suna aurar da 'ya'ya da adashe ba tare da sun taɓa rumbu ba. Muna roƙon a sa batun a ajandar taro mai zuwa, a zaɓi mutum uku masu riƙe littafi, ɗaya daga cikinsu malama, a fara zubi da albashin Janairu.