Da wuya Perry Mason ya tsaya wa mai laifi, kuma nan gizo ke saƙa

Jama'a, tun shekaranjiya nake ganin ana tsine wa wani lauya a nan Facebook don ya tsaya wa wanda ake tuhuma da kisan kai. Wai kuɗin jini yake ci. Da zancen ya taso a ofis, wani abokin aikina, mai digiri fa, ya ce ai lauyan kirki shi ne irin Perry Mason, wanda ba ya kare mai laifi. Nan na ajiye biro.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 1957 zuwa 1966, kashi 271, Raymond Burr ne lauyan. Ina son wasan, ban ɓoye ba. Amma kusan duk tafiyarsu ɗaya: a tsinci gawa, a kama wanda bai ji ba bai gani ba, mai gabatar da ƙara Hamilton Burger ya tara shaidu, Mason ya ritsa wani da tambayoyi har ya rushe a gaban alƙali ya ce shi ya yi kisan. Ko a kashi na 1963 da aka samu matar da yake karewa da laifi aka yanke mata hukuncin kisa, sai da ya tono mai laifin na gaske kafin a tashi.

To malam, ta ina Mason yake sanin wanda ba shi da laifi? Marubucin wasan ne ya raɗa masa! Lauyan gaske ba shi da wannan gatan. Kai ma da kake tsinuwa ba ka da shi, hoton da aka yaɗa kawai ka gani.

A wannan shekarar ta 1963 aka yi shari'ar da ta fi wasan daraja. Clarence Gideon, talaka ne a jihar Florida, aka tuhume shi da fasa wani shago, ya roƙi kotu ta ba shi lauya aka hana, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta ƙorafi da fensir zuwa Kotun Ƙoli, ta ce dole a ba shi lauya. Aka sake shari'ar, aka wanke shi. Babu wanda ya miƙe yana kuka yana amsa laifi. Lauyan ne kawai ya nuna cewa maganar babban mai shaida ba ta tsayu ba.

Aikin ke nan. Sashe na 36 na tsarin mulkinmu ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Mu kuwa da an ce "ai ya amsa da bakinsa" shi ke nan mun gamsu, ba mai tambayar a wane ɗaki ya amsa, ko waye ke tsaye a kansa. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba.

Ina tausaya wa iyalan mamaci, wallahi. Amma in aka rataye wanda ba shi ba, mai kisan yana gari yana shan shayi.

Na tambayi abokin aikin nawa, in ɗansa aka ɗauke gobe da asuba, wane lauya zai nema, wanda zai fara tambayar Facebook? Ya ce ai ɗansa ba zai yi kisa ba.