Jakar goyo a kan moto: kayan da ba a tambaya

Duk wanda ya tsaya bakin kwalta da sassafe, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, zai ga moto na bin moto, kuma da yawa daga cikin mahayan da jaka goye a baya. Ma'aikaci ya cusa dosiye da ordinata. Ɗan kasuwa ya zuba cinikin jiya tare da kwado da makullan shago. Ɗan lakwal kuwa littattafai sun rinjaye shi a bayan ɗan kabu-kabu. An mayar da jakar nan tamkar riga, alhali kaya ce, kuma an ɗora ta a mafi munin wuri.

Moto da daidaiton jikin mahayi take tafiya. Idan jaka ta yi nauyi, igiyoyinta kuma suka yi sako-sako, a kwana sai ta zame gefe guda ta ja mai ita. In direba ya fizgi moto, ta ja fasinja baya, abin da ya fi kamari ga yaron da hannunsa bai gama zagaye direba ba. Cikin rairayin unguwanni, inda dama taya ke rawa, wannan ɗan rinjaye ya isa ya kayar da mutum.

Babbar ɓarnar tana wajen faɗuwa. Karo da abu a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Wanda ya faɗi ta baya da kwado ko kwalba ko ordinata a jaka, ƙashin bayansa ne zai sauka a kansu. Kasko yana tsare kai, amma babu ruwansa da gadon baya, kuma lakar da ta tsinke ba a ɗinke ta. Magidanci guda ya kwanta, gida guda ya rasa cefane.

Ga igiyar da ke lilo, wadda ke iya shiga taya kamar yadda hijabi ke shiga. Ga kuma masu fizge: jakar da ke rataye a kafaɗu biyu ba ta fita salin-alin, da mai ita take sauka ƙasa. Ɗan kasuwar da ke goya kuɗinsa ya san da haka, ɓarayi ma sun sani.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Nijar na da hukumar kiyaye haɗurra, wato ANISER, ga ƴan sanda, ga jandarma. Amma wanda aka tsayar a hanya, permi da asiransi da takardun moto ake tambayarsa. Abin da ya goya ba ya cikin lissafi. Takarda kuwa ba ta taɓa tare wa kowa kwalta ba.

Gyaran bai kai a kafa masa kwamiti ba. Kaya mai nauyi ko mai tauri a ɗaure shi da roba a kan ƙarfen bayan moto; abin da ya rage a baya ya zama marar nauyi, igiya a matse, lilonta a soke. Ya kamata ANISER ta haɗa wannan da faɗakarwar kasko a gidajen rediyo, shugabannin ƴan kabu-kabu kuma su umarci direbobinsu su riƙa karɓar jakar ɗan lakwal su ɗaure ta kafin yaron ya hau.