Ba Ƙin Lakwal Ya Yi Ba, Masauki Ya Rasa

A shirin da nake gabatarwa da hantsi a nan Damagaram, wani dattijo ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce ƴaƴan zamani ba sa son karatu, bulala ce maganinsu. Waɗanda suka biyo bayansa duk suka ce gaskiya ne. Ban musa masa ba, don a rediyo aikina in ba kowa dama. Amma yau ni ke riƙe da alƙalami, kuma ina cewa: Baba, ba haka zancen yake ba.

Mu bi sawun yaro guda. Ya gama firamare a ƙauyensu, an tura shi CEG a garin da ba a zuwa a dawo da ƙafa rana ɗaya. Uban ya roƙi wani dangi na nesa ya sauke shi, ya haɗa shi da ɗan gero. Gidan kuwa su ma da ƙyar suke ɗora tukunya. In mace ce, kafin ta ɗauki littafi sai ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, wataƙila har da talla. Ƙarfe takwas yaro na cikin aji, ko koko bai sha ba, mushe na bayani da Faransancin da bai gama zauna masa ba. Wata uku gero ya ƙare, fuskar mai masauki ta sauya. Yau bai zo ba, gobe bai zo ba. Ƙarshen shekara maki bai kai ba, an sallame shi. Namiji ya tafi cirani, mace a ɗaura mata aure. Mu kuma mu zauna a majalisa muna cewa ya ƙi lakwal.

Za a ce ai akwai malalata. Akwai. To, ta yaya ka bambanta malalaci da mayunwaci alhali ba ka tambayi ko ɗaya ba?

Za a ce aikin gwamnati ne. A 2017 an fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata, kuma zamanin Bazoum an fara gina musu gidajen kwana, irin na Kelle. Madalla. Sai dai ƙauyuka nawa gidan kwana guda zai ɗauka? Yaron da geronsa ya ƙare wannan makon ba zai jira a aza tubali ba.

Don haka kowa ya ɗauki nasa. Mushe, in kujera ta kwana uku babu mai ita, ka aika a tambayo kafin ka ja jan biro. Kwamitin iyaye, ku san inda kowane ɗan ƙauye yake kwana da abin da yake ci. Ƴan asalin ƙauye da Allah ya buɗa wa a birni, ku haɗa kuɗi ku kama musu ɗaki, ku sa dattijuwa ta kula da su. Masu fitar da zakkar hatsi, ɗan lakwal matalauci ma mabuƙaci ne.

Ni kaina a zauren wani na yi karatu, kuma kwanon tuwon matarsa ne ya kai ni gaban makirfo. Da ta hana, da yau ni ma ina cikin waɗanda Baba ke nema wa bulala.